Haɗa Injin Sassaƙa Ƙarfe da Kwamfuta: Riba ko Asara ga Ƙaramin Mai Sana'a?

Injin sassaƙa ƙarfe shi ne wanda ke riƙe guntun ƙarfe yana juya shi, wuƙa na yankarsa har a sami noti ko bushin ko sandar da ake bukata. Tun wajen shekarar 1800 Henry Maudslay ya kyautata shi a Ingila. A 1952 kuma masana a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna injin yankan ƙarfe mai bin umarnin lambobi da aka huhhuda a kan zirin takarda. A yau kwamfuta ce ke ba da wannan umarni, kuma mai ƙaramin wurin aiki, irin na Panteka a Kaduna, yana iya haɗa tsohon injinsa da ita. Abin tambaya shi ne, ko yin hakan zai biya shi?

Yadda Haɗin Yake

A injin hannu, ma'aikaci na murɗa hannuwa biyu: ɗaya na tafiyar da wuƙa a tsawon ƙarfen, ɗaya na tura ta ciki. Idan za a yi haɗin, sai a maye gurbin kowane hannu da ƙaramar mota mai juyawa taki-taki. Galibin irin waɗannan motoci na yin taki 200 kafin su kammala zagaye ɗaya. Saboda haka, in sandar murɗi tana matsar da wuƙa milimita 5 a kowane zagaye, taki ɗaya zai zama milimita 0.025, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Akwai manhajoji na kyauta, kamar LinuxCNC, masu sarrafa motocin.

Lafiyar Injin

A nan ne gizo ke saƙar. Tsohuwar sandar murɗi takan yi sako-sako, ta yadda in aka sauya mata alkibla sai ta ɗan juya kafin wuƙa ta motsa. Gogaggen ma'aikaci yana jin wannan a hannunsa, ya gyara. Ita kuwa kwamfuta taki kawai take ƙirgawa, ba ta ganin inda wuƙar take. Dole ke nan a sayi sanda mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a cikin notinta. Haka kuma, idan doron da wuƙa ke zamewa a kai ya cinye, musamman kusa da bakin da ke riƙe ƙarfe, babu umarnin da zai mayar da abin da ya goge. Wutar lantarki mai hawa da sauka ita ma tana ƙona na'urori, kuma ɗaukewarta a tsakiyar aiki na iya ɓata ƙarfen.

Irin Aikin

Ribar kwamfuta tana cikin maimaici. A ƙaddara bushin ɗaya na cin minti 15 da hannu, amma minti 5 da kwamfuta bayan an kashe awa ɗaya wajen rubuta umarni da saiti. A kan kowane bushin an rage minti 10, don haka sai a na shida za a fanshe awar. Wanda ke yin 200 iri ɗaya zai ceci fiye da awa 32. Wanda kuwa makanikai ke kawo wa guntaye dabam-dabam, kowanne guda ɗaya, asarar lokaci zai yi. Bugu da ƙari, in an cire hannuwan injin, wanda shi kaɗai ya mallaka ya rasa abin yin gyaran gaggawa.

Kammalawa

Kafin mai sana'a ya fitar da kuɗinsa, ya kamata ya duba ayyukan da ya yi cikin wata shida, ya ƙirga nawa ne suka maimaitu, sannan ya auna lafiyar injinsa. In maimaici ya yi yawa kuma injin na da ƙwari, haɗin zai biya kansa. In ba haka ba, gara ya kashe kuɗin wajen gyaran injin da sayen wuƙaƙe masu kyau.