Ikon Kotu Na Sa A Sake Bincike

Jama'a, duk mun san yadda ake awon auduga a ƙasar Funtuwa da Malumfashi. In manomi ya ga sikeli ya karkace, ba ya yin shiru. Sai ya ce a sauke buhu a sake awo. To, shari'a ma awo ce, amma abin da ake aunawa ya fi auduga tsada, don kuwa mutuncin mutum ne, wani lokaci ma ransa. Saboda haka doka ta ba kotu ikon ta sa a sake awo.

Kafin A Fara Shari'a

A ce an sace wa wani buhun masara, ya je kotu ya ce maƙwabcinsa ne ya ɗauka. Alƙali ba zai kama hukunci nan take ba. Tun cikin dokar bin shari'ar laifi ta Jihar Arewa, ta 1960, aka ba kotu ikon tura ƙara wurin 'yan sanda su bincika tukuna. Wa ya gani? Ina buhun? Ina wanda ake tuhuma yake a daren nan? Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Zato ba shaida ba ne.

Bayan An Yanke Hukunci

Alƙali mutum ne, yana iya kuskure. Wanda bai yarda da hukunci ba yana da ikon ɗaukaka ƙara, watau afil. Kotun sama takan karɓi littafin shari'a ta duba shi daga farko har ƙarshe. Sa'an nan ta yi ɗayan abu uku: ko ta tabbatar da hukuncin, ko ta rushe shi ta sallami mutumin, ko ta ce a sake shari'ar tun daga tushe, a sake jin shaidu.

Abin Da Ya Faru A Bakori

Ga misali daga ƙasarmu. Cikin watan Maris na 2002, kotun Shari'a ta Bakori ta yanke wa wata mata ta ƙauyen Kurami, Amina Lawal, hukuncin jefewa, don ta haihu bayan aurenta ya mutu. Ta ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun Shari'a ta Funtuwa. Ran 19 ga Agusta 2002 kotun Funtuwa ta tabbatar da hukuncin. Ba ta tsaya nan ba, ta wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina.

Alƙalai 5 suka zauna, suka bi littafin shari'ar daki daki. Suka tarar alƙalin Bakori shi kaɗai ya zauna, alhali doka ta ce ya zauna da mutum 2. Suka tarar ba a bayyana mata laifin sosai ba. Suka ce tana da ikon janye iƙirarin da ta yi, kuma ba a kawo shaidu 4 ba. Har wa yau suka ce a mazhabar Malikiyya akwai maganar kwantaccen ciki, wanda kan kai shekara 5, saboda haka cikin bazawara shi kaɗai ba hujja ba ne. Ran 25 ga Satumba 2003 alƙalai 4 cikin 5 suka rushe hukuncin, aka sallame ta. Ku lura, da Shari'ar aka gyara kuskuren, ba da wata doka ta waje ba. Waiwaye adon tafiya.

Ba Kullum Ake Sake Shari'a Ba

Doka ta hana a yi wa mutum shari'a sau biyu kan laifi ɗaya, sai fa in kotun sama ce ta ba da umurni. Ita ma ba da garaje take yi ba. Tun 1959 Kotun Ƙoli ta ajiye sharuɗɗa: a sami kuskure a shari'ar farko, shaidar da ke akwai ta zama mai nauyi, laifin ya zama ba ƙarami ba, kuma sakewar kada ta zama zalunci ga wanda ake tuhuma.

Abin Da Za Mu Riƙe

In hukunci ya faɗa kanmu ko kan ɗan'uwanmu, kada mu ɗauki sanda, kada kuma mu naɗe hannu. Afil yana da wa'adi, mu tambayi magatakardan kotu tun ranar. Mu nemi kwafin hukunci a rubuce. Kada mu dangwala hannu a takardar da ba a karanta mana ba. In ba mu jin harshen da ake shari'a da shi, doka ta ce a ba mu tafinta kyauta. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi hukumar gwamnati mai ba talakawa lauya kyauta, wadda aka kafa a 1976.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku kotun sama take iya yi?
2. Me ya sa aka rushe hukuncin Bakori?
3. Wa yake da ikon cewa a sake shari'a?