3.4 Girkawa da Cire Taskar libmm-glib a Kwamfutocin Yankin Shanga

A wannan sashe za a yi bayani a kan yadda ake girka taskar manhaja mai suna libmm-glib da yadda ake cire ta a kwamfutocin da ke aiki da Debian ko Ubuntu. Abin da ake nufi da taskar manhaja shi ne tarin umarnoni da aka rubuta aka adana wuri guda, wasu manhajoji na ɗiba daga ciki don gudanar da aikinsu. Ita wannan taska tana sada sauran manhajoji ne da ModemManager, wato manhajar da ke sarrafa modem mai ɗaukar layin waya. Ita ModemManager ita ce ke buɗe lambar sirrin layi, ta auna ƙarfin sabis, sannan ta ƙulla kwamfuta da intanet.

Dalilin ware wa wannan taska sashe guda shi ne yanayin yankin da ake nazari. Tun daga shekarar 2001 da aka soma wayar GSM a Nijeriya, layin wayar hannu ya zama babbar hanyar shiga intanet, kuma haka abin yake a ƙananan hukumomin Shanga da Yauri da Ngaski na Jihar Kebbi. Ke nan, mai kwamfutar da ya dogara da modem a ƙauyukan bakin tafkin Kainji sau da yawa ba shi da wata ƙofa ta biyu.

Girkawa ba ta da wuya. Manhajar APT, wadda Debian ta soma fitarwa da ita a 1999, ita ce ke kula da ƙunshin manhajoji. Da farko a rubuta sudo apt update domin sabunta jerin abin da ke cikin rumbu, sannan sudo apt install libmm-glib0. Mai son rubuta tasa manhajar sai ya ƙara da libmm-glib-dev. Idan akwai ModemManager a kwamfutar, umarnin mmcli -L zai nuna ko an ga modem ɗin.

A wajen cirewa ne matsala take. Umarnin apt remove yana cire ƙunshi ya bar fayilolin saitinsa, apt purge kuwa har da su yake kwashewa. Amma duk wanda aka zaɓa, APT ba ta barin manhaja a rataye babu abin da ta dogara da shi. Tun da yake ModemManager da NetworkManager duk sun dogara da libmm-glib0, cire ta yana jan su biyun su fita tare da ita. NetworkManager kuwa ita ce ke kula da haɗin kwamfutar da waje, har da na Wi-Fi. Abin lura a nan shi ne, APT ɗin da za ta maido su sai da intanet take iya ɗauko su daga rumbu. Wanda ya yi haka a Shanga ya zama tamkar wanda ya sauka a tsibiri ya saki kwalekwalensa ruwa ya tafi da shi. Gaskiya ne APT tana jera sunayen abin da za ta cire kafin ta nemi amincewa, sai dai gaggawa kan sa a amince ba tare da an karanta ba.

Saboda haka ya kamata a fara gwadawa da apt-get -s remove libmm-glib0, wanda ke nuna abin da zai faru ba tare da ya taɓa komai ba. Idan har cirewar ta zama dole, to a riga a sauke ƙunshin duka ukun da apt download, a ajiye su a filash. Kada a dogara da ma'ajiyar /var/cache/apt/archives, domin umarnin apt, saɓanin apt-get, yana goge abin da ya sauke da zarar ya gama girkawa. Da waɗannan fayiloli a hannu, umarnin sudo dpkg -i zai maido su ko da babu sabis, muddin ba a bi bayan cirewar da apt autoremove ba, wanda kan kwashe sauran ƙananan taskokin da su ma ake bukata.