Abin Da Ya Sa Injin Tsohuwar Fijo Ya Ƙi Mutuwa

Duk wanda ya saba bin hanyoyin karkara ranar kasuwa, ba zai rasa cin karo da ita ba, ko da yake yanzu ta ragu ƙwarai. Za a gan ta tafe a hankali, fenti ya koɗe, ƙofa ɗaure da igiya, an labta mata buhunan hatsi har bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Watau tsohuwar Peugeot ke nan mai lamba 504, wadda jama'a suka fi sani da Fijo. Waɗansu daga cikin motocin nan sun girmi direbobinsu, amma da an murɗa makulli sai inji ya amsa.

Masu magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, tsofaffin direbobi kuwa ba su gajiya da faɗin cewa ƙarfen da ya fi na yanzu. To, gaskiyar maganar ta ɗan fi haka zurfi. Abin da ya ba injin nan tsawon rai shi ne an ƙera shi yadda za a iya gyara shi sau da yawa, sa'an nan ya faɗo hannun makanikan da suka san shi ciki da waje.

Daga Faransa zuwa Kakuri

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da ƙirar 404 a shekarar 1960. Ta jawo wa kamfanin suna a nahiyar Afirka, domin ta ci gasar tseren motoci ta Safari, wadda ake yi a kan munanan hanyoyin Afirka ta Gabas, a 1963 da 1966 da 1967 da kuma 1968. A shekarar 1968 ɗin ne aka fito da ƙanwarta 504, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai ta 1969. Ita ma ta ci gasar Safari a 1975.

A wannan shekara ta 1975, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot a unguwar Kakuri da ke Kaduna. Lokacin ya dace da samun kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, ga kuma bashin mota da gwamnati ke bai wa ma'aikatanta. Bayan haka Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo, bisa manufarta ta rage almubazzaranci, ta mai da Peugeot motar jami'an gwamnati. Kafin a ce kwabo, Fijo ta cika sakatariya da tashar mota. Babban sakatare yana cikin salun, fasinjoji bakwai suna cikin wagon mai layin kujeru uku, manomi kuma yana loda kayansa a a-kori-kura.

An daina ƙera salun ɗin 504 a Turai a 1983, amma a Kaduna an ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, watau fiye da shekara ashirin bayan masu ita sun yi sallama da ita.

Abin da ke ƙarƙashin bonet

Injin da aka fi sani a cikin 504 mai shan fetur yana da silinda huɗu, girmansa cc 1971, watau ya kusa lita biyu. An kishingiɗar da shi gefe guda domin bonet ya yi ƙasa. Gangar jikinsa zubin baƙin ƙarfe ce, kansa kuma na alminiyam.

Abu na farko da ya taimake shi shi ne ba a matsa masa ba. Duk da girmansa, ƙarfin da yake bayarwa bai kai na doki 100 ba. A yau akwai injunan da girmansu bai wuce lita guda ba, amma da taimakon na'urar tura iska ta tabo suna ba da abin da ya fi haka. Misalin su kamar jakuna biyu ne, ɗaya ƙato aka ɗora masa buhu guda, ɗaya ƙarami aka ɗora masa buhu biyu. Zafi da matsin da ke cikin tsohon injin kaɗan ne in an gwada da kaurin ƙarfen da ke ɗauke da su, don haka ba ya saurin gajiya.

Abu na biyu, kuma mafi muhimmanci, shi ne yadda aka yi silindarsa. A injuna da yawa, ramin da fistin ke kai da komowa a cikinsa an huda shi ne a jikin gangar injin. In ramin ya cinye, dole a kai gangar wurin masu injin yanka ƙarfe su ƙara masa faɗi, kuma hakan yana da iyaka. A injin Fijo kuwa, kowace silinda bututu ne dabam wanda ake zurawa a kuma zare, ruwan lagireto yana zagaya shi kai tsaye. Idan inji ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, sai bakanike ya sauke shi, ya zare bututun nan huɗu, ya sa sababbi tare da fistin da zobbansu. Injin da aka yi wa haka ya koma kusan sabo, kuma ana iya maimaita aikin muddin gangar ba ta tsage ba.

Abu na uku shi ne sauƙin kayan aikinsa. Sarƙar ƙarfe ce ke daidaita buɗewa da rufewar bawul, ba bel ɗin roba ba, wanda in ya tsinke a waɗansu motocin zamani yakan jawo fistin ya doki bawul, inji ya lalace nan take. Kafireta ce ke gauraya fetur da iska, kuma ana iya kwance ta a kan tabarma a wanke ta a mayar. Wutar fulogi kuma ta kan kwantak take bi, wanda ake gogewa a daidaita shi da sukudireba. Direban da mota ta tsaya masa a daji tsakanin Birnin Gwari da Tegina, in yana da sifana da filaya da ɗan sani, sau da yawa yakan kai kansa gari.

Shaidar wasu ƙasashe

Ba Peugeot kaɗai ke da irin wannan labari ba. A Amurka, wani malamin makaranta mai suna Irv Gordon ya sayi Volvo P1800 sabuwa a 1966, ya yi ta tuƙa ta har ta cika mil miliyan 3 a 2013, sunansa kuma yana cikin kundin bajinta na Guinness. A birnin Tasalonika na ƙasar Girka kuma, wani direban tasi, Gregorios Sachinidis, ya miƙa Marsandinsa ƙirar 240D mai shan gas ga gidan tarihin kamfanin Mercedes-Benz a 2004, bayan ta yi tafiyar kilomita miliyan 4.6.

Amma fa akwai abin lura a nan. Motar Gordon an sauke injinta an sabunta shi fiye da sau ɗaya, kuma mutum ne da ba ya wasa da lokacin juyen mai. Marsandin Girka ma ba da inji guda ta yi wannan doguwar tafiya ba. Ashe ke nan abin da ake kira ƙarko, rabinsa aikin maƙera ne, rabinsa kuwa kulawar mai mota da gwanintar mai gyara.

Inda tsohon inji ya gaza

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Motocin da ake gani a yau su ne 'yan ƙalilan da suka tsira, dubbai sun daɗe da komawa hannun 'yan gwangwan. Injin Fijo kansa yana da rauninsa. In ruwa ya ƙare a lagireto ya yi zafi fiye da kima, kan alminiyam ɗin yakan lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Kwantak da fulogi da bawul kuma kullum suna bukatar a duba su.

Kafireta ba ta iya auna fetur daidai yadda kwamfutar motar zamani ke yi. Takan ba da fiye da bukata, rarar kuma ta wanke man da ke jikin silinda, ta fita ta salansa ta gurɓata iska. Wannan ya sa injin zamani da aka kula da shi yakan yi tafiya mai nisa kafin a fara buɗe shi, fiye da yadda na da ke yi, ga shi kuma bai kai shi shan mai ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan bambanci ya zama abin da mai mota ke ji a aljihunsa kowace safiya.

Haka kuma a zamanin waɗannan injuna ana zuba sinadarin dalma a cikin fetur, wanda bincike ya tabbatar yana cutar da ƙwaƙwalwar yara. Ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara sun rabu da irin wannan fetur a farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021. Ba abin da mai hankali zai yi kewarsa a nan.

Abin da ake gudun asara

Bayan da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashin ma'aikaci. Daga nan kasuwa ta koma ga motocin da aka yi amfani da su a Turai da Amurka, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano. Da tafiya ta yi tafiya, motocin da ke shigowa suka zama masu kwamfuta, waɗanda ba a gane cutarsu sai an jona musu na'urar bincike.

A nan ne matsalar take. A zamanin Fijo, yaron da aka kai gareji yakan shekara biyar ko fiye yana koyo, har ya iya gane ciwon inji daga jin ƙararsa. Kayan gyara kuwa suna nan jibge a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, domin mota iri guda ce ta cika ƙasa, kowa kuma ya san ta. Yanzu ire-iren motoci sun yi yawa, kuma abin da aka fi yi in inji ya samu matsala babba shi ne a cire shi a jefar, a sayo wani tsohon da aka shigo da shi daga waje. Kuɗin da a da ke shiga hannun bakanike da mai yanka ƙarfe na gida, yanzu ƙetare yake tafiya, sana'ar sabunta inji kuma tana ja da baya tare da tsofaffin da suka iya ta.

Ba mai cewa a koma kan kafireta, domin zamani riga ne. Amma darasin da tsohon injin ya bari yana da amfani ga hukuma da ɗalibai baki ɗaya. Jami'in da aka ɗora wa alhakin sayen motocin ma'aikata ya kamata ya tambaya, kafin ya sa hannu, ko akwai kayan gyaransu a ƙasa da kuma masu iya gyaran, domin harabar ofisoshi da dama cike take da motocin da ƙaramin abu ya kwantar. Kwalejojin fasaha da ke ƙarƙashin kulawar Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa, wadda hedkwatarta ke Kaduna, suna iya buɗe ƙofa ga makanikan bakin titi su koyi aiki da na'urar bincike, su kuma ɗalibai a tura su gareji su ga yadda ake zare silinda a mayar.

Tsofaffin makanikan da suka yi zamani da Fijo suna nan da sauran ƙarfinsu a Kakuri da Tudun Wada da sauran garuruwa, amma kullum raguwa suke yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ana so a ci moriyar abin da suka sani, yanzu ne lokacin da ya kamata a kai musu yara.