Intanet: haƙƙin ɗan Adam ce, ko kuwa gata?

A garuruwa da yawa na karkararmu akwai wani tudu, ko wani icce, da yaro da babba suka sani. Can ne ake zuwa neman rezo. Da la'asar za ka tarar da mutane tsaitsaye, kowa ya ɗaga wayarsa sama: wannan yana jiran saƙon ɗansa da ya tafi ci-rani Abijan, wancan yana son jin kuɗin wake a kasuwar Maraɗi, waccan tana jiran labarin kuɗin da aka ce an aiko mata. In rezo ya zo, buƙata ta biya. In bai zo ba, sai gobe.

Mutanen nan ba su taɓa halartar taron Majalisar Ɗinkin Duniya ba, amma su ne mahawarar da ake yi can ta fi shafa. Tambayar ita ce: shin shiga intanet haƙƙi ne na ɗan Adam, kamar faɗin ra'ayi da neman ilimi, ko kuwa gata ne wanda mai hali ke saya? Amsar tana da nauyi. In haƙƙi ne, to hukuma na ɗauke da alhakinsa, wanda aka hana kuma yana iya kai ƙara. In gata ne, ba wanda ake bi bashi.

Asalin maganar

Ran 10 ga Disamba 1948, a birnin Paris, ƙasashen duniya suka amince da sanarwar haƙƙoƙin ɗan Adam. Ayarta ta 19 ta tabbatar wa kowane mutum ƴancin neman labari, da karɓarsa, da watsa shi ta kowace hanya, ba tare da iyakar ƙasa ta tare shi ba. A 1981 shugabannin Afirka suka amince da tasu yarjejeniya a Nairobi, wadda ayarta ta 9 ta ce kowa na da haƙƙin samun labari. Nijar ta shiga cikinta a 1986. Ba ɗaya daga cikin takardun nan da ya ambaci intanet, don lokacin jama'a ba su san ta ba.

Da intanet ta bazu, sai waɗansu ƙasashe suka soma sa ta cikin dokokinsu. Estoniya ta yi haka tun shekara ta 2000. A Faransa, cikin 2009, an yi dokar yanke wa masu satar waƙoƙi da finafinai layinsu, sai Majalisar Tsarin Mulki ta ce alƙali kaɗai ke da ikon yanke wa mutum intanet. Daga 1 ga Yuli 2010 kuma, kowane gida a Finlan ya sami ikon a kai masa layi mai saurin megabit guda a daƙiƙa. A lura da kyau: Finlan ba ta ce kyauta ba. Cewa ta yi a kai wa kowa, ko ina yake zaune, bisa kuɗi mai sauƙi.

A 2011 Frank La Rue, mai bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƴancin faɗin ra'ayi, ya gabatar da rahoto. Jaridu da yawa suka buga cewa Majalisa ta mai da intanet haƙƙin ɗan Adam. Mu masu aikin fassara mun san yadda kalma guda ke juya magana, kuma nan haka ta faru. Abin da rahoton ya ce shi ne intanet babbar hanya ce ta cin moriyar haƙƙoƙi, yanke ta kuwa tauye ƴanci ne. Kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya bi wannan sawu: a 2012 ya ce duk haƙƙin da mutum ke da shi a fili yana da shi a intanet, a 2016 kuma ya la'anci katse ta da gangan.

Masu cewa a'a

Cikin waɗanda suka ƙi yarda har da Vinton Cerf, ɗaya daga cikin masanan Amurka da suka aza harsashin intanet. A Janairu 2012 ya rubuta cewa na'ura kayan aiki ce, ba haƙƙi ba. Ya kawo misalin doki. An yi zamanin da marar doki ke shan wuya wajen neman abinci, amma haƙƙin da ke nan shi ne na neman abinci, ba na mallakar doki ba. Zamanin doki ya wuce, neman abinci yana nan.

Akwai kuma hujja ta biyu, wadda ta fi kusa da mu. Ƙasar da har yanzu take fama da gina rijiyoyi, da gidajen likita, da azuzuwan lakkwal, yaya za ta sa intanet sahu ɗaya da ruwan sha? Wanda ya faɗi haka bai yi wauta ba. In aka kira kowane abu mai amfani haƙƙi, kalmar za ta rasa ƙarfinta.

Amma misalin dokin yana da gefe na biyu. Gaskiya ne ba wanda ke bin hukuma bashin doki. To, in hukuma ta tashi rana ɗaya ta ɗaure dawakin gari duka, ta hana kowa fita, ashe ba ta taɓa haƙƙin neman abinci ba?

Ranar da aka katse

Wannan ba zato ba ne, ya sha faruwa. A Kamaru, yankunan masu magana da Ingilishi sun yi wata uku ba intanet, daga Janairu zuwa Afrilu 2017. A Cadi an toshe kafofin sada zumunta wata 16, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019. A jihar Zamfara ta Najeriya an rufe layukan waya a Satumba 2021 domin yaƙi da ƴan bindiga, har ya zamana mai son kiran ɗan'uwansa sai ya yi tafiya zuwa wata jiha. Nan gida ma, bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairu 2021, an yi kamar kwana 10 ba intanet a wayoyin hannu.

Kullum dalilin da ake bayarwa shi ne tsaro da kwanciyar hankali, kuma ba mai raina tsaro. Sai dai katsewa ba ta bambanta mai laifi da marar laifi. Tana faɗa wa ɗan kasuwa, da ɗalibi, da mai jinya, da matar da ke jiran saƙon mijinta.

Kotuna sun soma magana. A Sudan, cikin Yuni 2019, wani lauya ya kai ƙarar kamfanin waya ya ci nasara, sai aka buɗe masa layinsa shi kaɗai. Ya sake komawa kotu, aka buɗe wa kowa cikin Yuli. A Yuni 2020 kotun CEDEAO ta yanke cewa gwamnatin Togo ta saɓa doka da ta katse intanet lokacin zanga-zangar Satumba 2017. Alƙalan sun ce shiga intanet ba tushen haƙƙi ba ne, reshe ne da ya tsiro daga ƴancin faɗin ra'ayi, saboda haka ba a taɓa shi sai bisa doka. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairu 2025, amma ayar da alƙalan suka dogara da ita, watau aya ta 9 ta yarjejeniyar 1981, tana nan kanmu.

Nauyi uku

Idan aka tattara wannan duka, za a ga nauyi uku ne, kuma ba daidai suke ba.

Na farko, kada a katse. Wannan bai buƙatar ko dala. Ƙasa matalauciya da mai arziki duk ɗaya suke a nan. In tilas ta kama, to a yi shi bisa rubutacciyar doka, a wuri ƙayyadadde, na lokaci ƙayyadadde, alƙali kuma ya iya dubawa.

Na biyu, a shimfiɗa hanya. Wannan sai da kuɗi da lokaci. Hukumar sadarwa ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum biliyan 2 da miliyan 600 ba sa shiga intanet, a Afirka kuwa 38 ne kawai cikin 100 ke shiga. Ƙasarmu ba ta da bakin teku, sai ta bi ta maƙwabta kafin ta kai ga manyan wayoyin da ke ƙarƙashin ruwa. Da huɗu daga cikinsu suka lalace ran 14 ga Maris 2024 kusa da gaɓar Kodibuwa, ƙasashe da dama na yammacin Afirka sun ji a jikinsu. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dalar Amurka miliyan 100 domin shirin kai sadarwa ƙauyukan Nijar. Ribar irin wannan aiki sananniya ce: binciken da malama Jenny Aker ta yi a kasuwanninmu ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006, zuwan wayar hannu kaɗai ya rage bambancin kuɗin hatsi daga kasuwa zuwa kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100.

Na uku shi ne wanda ake mantawa: karatu. Mutum yana iya samun waya, da rezo, da kuɗin saye, amma in bai iya karanta abin da ke gabansa ba, rijiya ce ta bayar guga ya hana. Saƙon murya yana taimako, amma ba ya cika takardar neman aiki, ba ya karanta sakamakon jarrabawa, ba ya duba lissafin kuɗin da aka aiko. A 2009 da 2010 an gwada koyar da amfani da waya cikin azuzuwan karatun manya a jihohin Doso da Damagaram, aka tarar ɗaliban da suka sami wannan darasi sun fi sauran ƙwarewa a rubutu da lissafi.

Tun 1962 iyayenmu suka kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo, don manomi ya ji, shi ma a ji shi cikin harshensa. Buƙatar ba ta sake ba, kayan aikin ne suka sake. Saboda haka, ya ƴan'uwa da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci, kada ku aje alƙalami: ku rubuta saƙonninku da kanku, da Hausa, ku koya wa na kusa da ku. Ku kuma ma'aikata, duk takardar da kuka ce sai ta intanet za a cika ta, ku tuna da mutumin da ke tsaye bisa tudu da waya a hannu, ku bar masa ƙofa ta biyu har ranar da hanya za ta iso garinsu. Allah shi kai mu wannan rana.