Tarukan Addu'ar Kiristoci a Ƙasar Gumel: Rashin Dangi Ya Fi Tsoro Tasiri

Tun da Shugaba Donald Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini a ƙarshen Oktoban 2025, kowane motsin Kirista a Arewa sai a jingina shi da tsoro. Har tarukan addu'ar da masu bi ke yi a gidaje a tsakiyar mako an ce ɓuya ce. Wannan fahimta ba ta dace da ƙasar Gumel ba, kuma ta rage darajar mutanen da ake cewa ana tausaya wa.

A duba su wane ne Kiristocin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Galibinsu aiki ko neman abinci ya kawo su: masu shagunan magani da kayan gyaran mota, ma'aikatan asibiti, jami'an kwastam da na shige da fice a bakin iyaka, 'yan hidimar ƙasa masu shekara guda su wuce, da fataken da kasuwar Alhamis ta Maigatari ke jawowa daga Kudu. Wanda ya taso daga Filato ko Kudancin Kaduna ko ƙasar Ibo, can ya baro kawu da gwaggo da duk mai tsaya masa. Musulmin garin yana da dangi, yana da jam'in salla sau biyar a ƙofar gida, in ba a gan shi a sahu kwana biyu ba sai a je dubiya. Baƙon Kirista kuwa, in sujadar Lahadi kaɗai ya riƙe, yana iya kwana shida da zazzaɓi ba wanda ya sani. Zaman mutum goma a tsakar gidan wani shi ke cike wannan gurbi. A nan ake jin wadda ta sauka, da wanda kuɗin haya ya ƙure masa, da wanda aka yi wa canjin wurin aiki. A nan ake haɗa kuɗin motar kai gawa gida, nauyin da ya fi ƙarfin mai albashi shi kaɗai. Zumuntar mata ce ke ɗauke da mafi yawan wannan hidima, ko da yake ba kasafai ake ambatonta ba.

Al'adar ma ba ta jiya ba ce. Shirin Sabon Rai Don Kowa da ya bazu a Arewa a shekarun 1960 a kan ƙananan rukunin addu'a aka kafa shi, tun kafin a san wani abu Boko Haram. Abin da ya ƙara mata ƙarfi daga baya shi ne cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Malamin da aka tura wani ƙauyen Gagarawa ba zai biya kuɗin babur zuwa majami'a sau uku a mako ba, sai ya nemi na kusa da shi su durƙusa tare.

Masu batun tsoro suna da abin kafa hujja. An ƙona majami'u a Dutse a Satumban 2006, an ƙona a Damagaram a Janairun 2015, kuma samun fili da izinin gina coci a jihar da Gumel take ciki ba ya zuwa da sauƙi. Wannan gaskiya ce, kuma hakki ne a kan gwamnati ta gyara. Amma mai ɓuya ba ya rera waƙa har maƙwabta su ji. Kuma a Legas, inda ba mai hana Kirista gina coci, majami'u irin Deeper Life da Redeemed sun daɗe da raba mabiyansu rukuni-rukuni a gidaje, domin can ma birnin baƙi ne. Zargin da wasu Musulmi ke yi cewa tarukan hanyar jan 'ya'yan mutane ce a ɓoye shi ma yana rushewa da an ga masu halarta: mutanen da suka zo da addininsu ne.

Illar da ta fi damuna daga cikin gida take. Rukunin da aka kafa don maye gurbin dangi yakan koma na ƙabila, Ibo nasu daban, masu sujada da Hausa nasu daban, a wurin da duka-duka ba su da yawa. Inda babu fasto ko dattijon ikilisiya mai sa ido, kowa na iya tashi da da'awar wahayi ya fara karɓar baiko daga talakawa. Sai kuma kwanan addu'a da lasifika a gidan haya, wanda ke jawo ƙorafi gaban mai unguwa, a wayi gari mai gida ya ba wanda ya karɓi baƙuncin taron wa'adin tashi.