Fiyanon da Ba Ya Ƙara: Abin da Mai Haɗa Kiɗa a Dakoro Zai Duba Kafin Ya Saya

A shagunan kayan kiɗa na Maradi da na Sabon Gari a Kano ana jera kaya biyu masu kama da juna, har baƙon sana'a ya ɗauka uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Na farko fiyano ne mai lasifika a jiki, irin Yamaha PSR da muke gani a wajen biki. Na biyu ya fi shi sauƙin ɗauka, sau da yawa ya fi shi sauƙin kuɗi, maɓallansa farare da baƙaƙe kamar na kowane fiyano, amma ko za ka kwana kana dannawa ba za ka ji ƙis ba. Wannan shi ne kwantarolan MIDI. Saurayin da ya tara jikkunansa a Dakoro, ya yi tafiyar fiye da kilomita ɗari zuwa Maradi don ya sayo kayan sutudiyo, gara ya san bambancin tun kafin ya hau mota, domin mai shago ba lallai ne ya karɓi kayan da aka riga aka buɗe ba.

Kwantarola linzami ne, ba doki ba. Sautin yana cikin kwamfuta ko wayar salula, a manhajar haɗa kiɗa irin su FL Studio ko Cubase, shi kuwa aikinsa ya faɗa wa manhajar abin da yatsu suka yi. Harshen da yake magana da shi, wato MIDI, ya girmi akasarin masu amfani da shi yau. A watan Janairun 1983, a wani baje-kolin kayan kiɗa a Amurka, aka haɗa fiyanon Prophet-600 na kamfanin Dave Smith da Jupiter-6 na kamfanin Roland na ƙasar Japan da waya guda, ɗaya ya kaɗa ɗaya. Kafin nan kowane kamfani da nasa tsarin, kayan wannan ba sa jin na wancan. Smith da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa Roland, sun sami kyautar Grammy ta fasaha a 2013 saboda wannan aiki.

Saƙon da ke bin wayar lambobi ne zalla. Kowane maɓalli yana da lamba daga 0 zuwa 127, na tsakiyar fiyano shi ne 60. Ƙarfin da ka danna shi ma lamba ne, har zuwa 127. Sai lokacin da ka danna da lokacin da ka ɗaga yatsa.  Saboda haka kwantarola mai tsada da mai araha, in aka haɗa su da manhaja ɗaya, muryar da za ta fito iri ɗaya ce. Duk mai shagon da ya ce maka wannan ya fi wancan daɗin sauti, ko dai bai san kayansa ba ko kuma ya ga alamar kuɗi a aljihunka. Abin da kuɗi ke saye shi ne yadda maɓalli ke amsa wa yatsa, da ƙwarin jiki, da yawan abubuwan murɗawa.

Kiɗan fiyano ba baƙo ba ne a Nijar. Mamman Sani ya ɗauki kaset ɗinsa na 1978 a gidan rediyon ƙasa a Yamai da ogan na lantarki, kuma ƴan Nijar sun daɗe suna jin kiɗansa a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri. A Kano, cikin shekarun 1990, fiyanon Yamaha ne ya zama ƙashin bayan waƙoƙin finafinan Hausa, kiɗan da aka laƙaba wa suna nanaye, wanda ya cika motocin haya daga Katsina har Tawa. Mdou Moctar ma da ya tashi ɗaukar kundinsa na farko, Anar, a 2008, Sakkwato ya je, wajen masu irin wannan sutudiyo. Shi kuwa Hama na Yamai ya fara da tsohon Yamaha, kiɗansa ya yi ta yawo a katin waya daga hannu zuwa hannu, daga baya ya koma haɗa kiɗa a kwamfuta, kamar yadda aka ji a kundinsa Houmeissa na 2019. Hanyar da ya bi ita ce samari da yawa ke bi yanzu, kuma a kanta ne kwantarola ya sami kasuwa.

Tambayar farko ita ce ina za ka yi aikin. In abincinka a filin biki yake, ko taron suna, ko gangamin ƴan siyasa, ka manta da kwantarola. Can ana son abin da za a kunna ya yi ƙara nan take, da gangunansa a ciki, ba tare da an ɗora kwamfuta a kan benci cikin ƙura ana jiran ta farka ba. In kuwa a ɗaki za ka zauna, kana ɗora murya bisa murya, kana gyara wa mawaƙa, to kwantarola ya yi. Akwai kuma wanda bai kamata ya sayi komai ba. Duk mai PSR a gida ya juya bayansa ya duba: in ya ga rami mai kusurwa huɗu da aka rubuta USB TO HOST a kansa, ai yana da kwantarola tuni, wayar firinta kawai zai nema. Tsofaffi masu zagayayyen rami mai ƙofofi biyar su ma suna yi, sai dai ana bukatar wayar da ke juya saƙon zuwa USB, kuma marasa suna masu arha a cikinsu sun yi ƙaurin suna wajen haɗiye wasu maɓallai ko riƙe sauti ya ƙi yankewa.

Yawan maɓallai ba abin dogon tunani ba ne. Ana samun mai 25, mai 49, mai 61, har mai 88 irin cikakken fiyano. Mai 25 hawa biyu ne na sauti, yana shiga jakar goyo, ya ishi wanda ke shigar da kiɗa layi-layi da hannu ɗaya. Wanda ya koyi kiɗa da hannu biyu zai ji an ɗaure shi a can, sai ya nemi 49. Mai 88 mai nauyin maɓallai an yi shi ne don ƴan makarantar fiyano irin ta Turai, kuma ban ga abin da zai ƙara wa mai kiɗan nanaye ba sai wahalar ɗauka.

Inda nake so mai saye ya tsaya ya daɗe shi ne gefen hagu na kayan, wajen ƴar tayar da ke lanƙwasa sauti. Fiyano an gina shi a kan matakai goma sha biyu tsayayyu, daga wannan maɓalli sai na kusa da shi, babu komai a tsakani. Kiɗanmu kuwa a tsakanin yake zaune. Makaɗin kalangu yana matse tsarkiya a hammata, sautin ya hau, ya sassauta, ya sauka, da haka yake kiran sunan mutum da kirarinsa, tunda Hausa kanta da hawa da saukar murya take rarrabe kalmomi. Mai goge yana jan yatsa a kan izga ne, ba tsalle yake daga wuri zuwa wuri ba. Haka algaita, haka sarewar Fulanin da ke kiwo a arewacin Dakoro wajen Bermo. In ka ɗauko muryar goge a manhaja ka kaɗa ta da maɓallai kaɗai, kowane tsoho a kasuwa zai gane cewa inji ne. Tayar nan ce ke kusantar da ita ga gaskiya. Waɗanda suka tsara MIDI sun san muhimmancinta, shi ya sa ba su ba ta matakai 128 kamar sauran saƙonni ba, suka ba ta 16,384, don kada kunne ya ji sautin yana hawa kamar matakala. Yawancin manhajoji suna zuwa da iyakar lanƙwasa ta maɓalli biyu sama da biyu ƙasa, amma ana iya faɗaɗa ta, kuma mai son kwaikwayon kalangu dole ya faɗaɗa.

Kamfanoni kuwa don su rage girma a nan suka fi yin tsimi. Akai MPK Mini, wanda ya cika ƙananan sutudiyo a duniya, yawancin samfuransa ƴar sanda suke da ita da ake turawa da babban yatsa. Arturia MiniLab ƴar shimfiɗa ce da ake shafawa. M-Audio Keystation 49 yana da taya ta sosai mai komawa tsakiya da kanta in an sake ta. A ganina taya ta fi, domin yatsa yana jin inda ya kai ba sai ido ya duba ba, amma hannu ya bambanta, sai mutum ya gwada. Ƙananan PSR da yawa ba su da ko ɗaya, wannan kuwa dalili ne mai kyau na sayen kwantarola ko da kana da fiyano.

Ƴan dakalan roba da ake bugawa da yatsa don shigar da ganga suna da amfani, muddin suna bambanta bugu mai taushi da mai ƙarfi. Sai dai ka sani manhajojin nan cike suke da gangunan Amurka da na Indiya, da wuya ka tarar da kotso ko duma ko gangar kokowa a ciki. Masu wayo sukan gayyato makaɗi su ɗauki bugunsa ɗaya bayan ɗaya su raba wa dakalan. Wanda ya yi haka ya biya makaɗin da kyau, don hannunsa zai yi ta aiki a waƙoƙin da ba zai san an yi ba.

Sauran dogayen maɓallan turawa da fitilu masu launi da suke ƙara wa kaya farashi, a Dakoro kowannensu ƙofa ce ta ƙura. Ƙarƙashin kowane maɓallin fiyano akwai roba mai baki biyu, kayan yana auna tazarar lokaci tsakanin taɓawar na farko da na biyu, da ita yake gane ƙarfin bugu. In ƙurar hunturu ta toshe baki ɗaya, sai maɓallin ya riƙa ihu da cikakken ƙarfi ko ya yi shiru ɗungurum. Ana buɗewa a goge, amma rufe kayan da zane bayan aiki ya fi sauƙi. Kada kuma a bar shi a ɗakin kwano a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40.

Ta fuskar wuta kwantarola ya ci riba. Yawancinsu daga wayar USB suke sha, volt 5 kacal, don haka in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke batirin kwamfuta na riƙe su biyun. Masu sana'ar da suka ga abin da ya faru daga watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Wanda ba shi da kwamfuta ma yana iya farawa da salula, tunda Android ta fara karɓar MIDI tun 2015. Ƴar wayar OTG ake sa wa, sai dai kwantarola mai fitilu da yawa kan fi ƙarfin abin da salula ke iya bayarwa.

Wani ƙorafi da ake ɗora wa kwantarola alhali ba laifinsa ba ne shi ne jinkiri, ka danna sai sautin ya biyo baya. Kwamfuta ce ke tara sauti a ɗan rumbu kafin ta saki. A gudun ƙwayoyin sauti 44,100 cikin daƙiƙa, rumbu mai ɗaukar ƙwayoyi 1,024 yana jawo jinkirin kusan kashi 23 cikin dubu na daƙiƙa, kuma yatsa na jin haka. In aka rage shi zuwa 256 sai ya dawo kamar kashi 6. A Windows sai an sa direban ASIO kafin a iya ragewa yadda ya kamata.

Mai sayen na hannu ya tafi da kwamfutarsa ko salularsa shagon. Ya bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya, a hankali sannan da ƙarfi, yana kallon lambar da ke fitowa. Ya saki tayar ya ga ko ta koma tsakiya daidai, domin in ta karkace duk waƙar za ta fita daga saiti. Ya girgiza wayar a bakin ramin USB, nan ne ke fara lalacewa. Manhajojin kyauta da aka zana a jikin kwali kuwa kada ya sa su a lissafin ciniki: sai an yi rajista a intanet an sauke gigabait da dama, kuma a kayan hannu galibi mai shi na farko ya riga ya cinye lambar rajistar.