Farfaɗo da Tafkin Kalmalo: Daga Ina Kuɗin Aikin Za Su Fito?

Tafkin Kalmalo da ke Ƙaramar Hukumar Illela, daf da kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, ya daɗe yana zaman madogara ga masunta da makiyaya da manoman rani na wannan yanki. Sai dai ruwansa ya ja baya ƙwarai, ta yadda wuraren da a da ake jefa taru suka koma fako. Tambayar da jama'a ke yawan yi ita ce: wa zai ɗauki nauyin gyaransa, kuma da waɗanne kuɗi?

Musabbabin Matsalar

Mafi yawan ruwan tafkin daga kwarin Majiya yake gangarowa, wanda ya taso daga Jihar Tawa ta Nijar, ya ratsa yankin Birnin Ƙonni kafin ya shigo Nijeriya. Farin da aka yi a shekarun 1973 da 1984 ya rage ruwan sama a yankin baki ɗaya. Haka kuma madatsun ruwa na Mozage da Zango, waɗanda aka gina a kan Majiya domin noman rani a Ƙonni, suna tare wani kaso na ruwan kafin ya iso. Bugu da ƙari, saran itatuwa ya bar ƙasa a fili, iska da ruwan damina na kwaso rairayi suna cike ƙasan tafkin.

Darasi Daga Ƙasar Ogoni

Ɗaya daga cikin manyan ayyukan gyaran ruwa da aka tsara a Nijeriya shi ne na ƙasar Ogoni a Jihar Ribas, inda ƙoramu ke haɗuwa da teku. Malalar ɗanyen mai ta shekarun 2008 da 2009 ta gurɓata ƙoramar Bodo, ta kashe kifi da itatuwan bakin ruwa. A shekarar 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton bincikenta, inda ta ba da shawarar a kafa asusu na musamman da dala biliyan 1 domin shekaru 5 na farko, tare da kiyasin cewa aikin zai iya ɗaukar shekaru 25 zuwa 30. Duk da haka, sai a watan Yunin 2016 aka ƙaddamar da aikin a garin Bodo, kuma kamfanonin mai ne aka ɗora wa nauyin zuba kuɗin, bisa ƙa'idar cewa wanda ya ɓata shi ke biya.

Abubuwa biyu ne abin koyi a nan. Na farko, sai da aka yi cikakken bincike kafin a yanka adadin kuɗi. Na biyu, an keɓe kuɗin a asusu mai kwamitin amintattu, ba a gauraya su da kasafin yau da kullum ba. Amma akwai bambanci babba: a Kalmalo babu wani kamfani guda da za a ɗora wa alhaki, saboda haka wajibi ne a haɗa kuɗin daga kafofi daban-daban.

Kafofin Samun Kuɗi

Kafa ta farko ita ce Asusun Magance Matsalolin Muhalli da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1981, wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke samun kasonsu daga ciki, domin yaƙi da zaizayar ƙasa da ambaliya da gurgusowar hamada.

Ta biyu ita ce shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da ba shi rancen dala miliyan 700 a watan Disambar 2021, domin jihohin Arewa 19 da Babban Birnin Tarayya. Jihar Sakkwato na cikin waɗannan jihohi, kuma gyaran magudanan ruwa da farfaɗo da ƙasar da ta lalace na daga cikin manufofin shirin. Ya kamata a lura cewa rance ne da za a biya, don haka kowace naira na buƙatar lissafi.

Ta uku ita ce kafa asusun amana, kamar wanda jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Filato, Yobe da Borno suka kafa tare da Gwamnatin Tarayya a 2006, domin ceto kogunan Haɗeja, Jama'are da Komadugu-Yobe. Irin wannan tsari na ba da damar ci gaba da aiki ko da an sami canjin gwamnati.

Muhimmancin Haɗin Gwiwa da Nijar

Ko nawa aka kashe wajen yashe tafkin, aikin ba zai ɗore ba muddin ruwa bai gangaro daga Majiya ba. A nan ne Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Yamai, ke da rawar takawa. A shekarar 1990 ƙasashen biyu suka sanya hannu kan Yarjejeniyar Maiduguri game da raba ruwan da suka yi tarayya a kansa bisa adalci, kuma kwarin Majiya na cikin wuraren da yarjejeniyar ta ambata. Aiwatar da ita ba ya buƙatar kuɗi masu yawa kamar yashe tafki, amma shi ne tushen nasarar duk wani aiki da zai biyo baya.

Kira Ga Jama'a

Daga ƙarshe, ana kira ga al'ummar Kalmalo da Illela da kewaye da su guji saran itatuwa a bakin tafkin, da zubar da shara da ledoji a magudanan ruwa, da amfani da guba wajen kamun kifi. Haka nan ana shawartar ƙungiyoyin masunta da na manoman rani da su yi rajista, su riƙa miƙa buƙatunsu a rubuce ta hannun hakimai da Ƙaramar Hukuma, su kuma sa ido kan duk wani aiki da aka bayar da kwangilarsa a yankinsu. Masu ba da tallafi sun fi saurin amsa kiran al'ummar da ta nuna a shirye take ta kula da abin da aka gyara mata.